Waɗanda Suka Iso Asibiti Da Ransu



An nemi in yi magana a kan shirin inganta kula da masu rauni a asibiti, irin wanda na taɓa shiga a wani asibitin da na yi aiki. Sunan yana da nauyi a baki, amma abin da ke cikinsa kowa zai gane. Asibiti ne zai riƙa rubuta labarin duk wanda aka kawo da rauni, ya zauna a kai a kai ya duba waɗanda suka rasu, ya tambayi kansa ko da akwai abin da ya kamata a yi ba a yi ba, ya gyara, sannan ya dawo ya duba ko gyaran ya kama. Magana ta ƙare a nan. Sauran duk bayani ne a kan dalilin da ya sa abu mai sauƙi haka yake da wuyar yi.

Ba sai na faɗa wa mutumin Zuru mene ne rauni ba. Babur ya yi karo da mota a hanyar Dabai, motar kasuwa ta ƙwace a hanyar Ribah ko ta Mahuta, yaro ya faɗo daga mangwaro, shanun noma sun tunkuyi mai su. A 'yan shekarun nan kuma harsashi ya shigo cikin lissafi. Babu wanda ya manta watan Maris na 2022, lokacin da 'yan bindiga suka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba aka rasa mutum fiye da 60. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa rauni yana kashe kimanin mutum miliyan 4.4 a duniya kowace shekara, haɗarin hanya kaɗai yana ɗaukar kusan miliyan 1.19. Da yawansu matasa ne, masu ciyar da gida.

Akwai wani bincike da aka buga a 1998 da nake so ku riƙe. An kwatanta masu mummunan rauni a birane uku: Kumasi a Ghana, Monterrey a Meziko, da Seattle a Amurka. A Kumasi kashi 63 cikin ɗari suka mutu, a Monterrey kashi 55, a Seattle kashi 35. Rauni mai nauyi iri guda, jikin ɗan Adam iri guda. Yawancin tazarar ta faru ne tun kafin a isa asibiti da kuma sa'o'in farko bayan an isa. Wato abin da ya raba mai rai da mamaci shi ne wanda ya ɗauke shi, yadda aka ɗauke shi, da abin da aka yi masa da ya shigo ƙofa.

Na san abin da wasu ke faɗa a zuci: kwana ne ya ƙare. Ni ma na yi imani da haka, kuma ba zan taɓa hana dangin mamaci wannan kalma ba, domin da ita suke samun haƙuri. Damuwata ita ce ma'aikacin asibiti ya ari kalmar masu makoki ya rufe fayil da ita. Malamanmu sun sha ba mu labarin Sayyadina Umar da ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda annoba, bai kuma ga hakan ya saɓa wa yarda da ƙaddara ba. 'Yan'uwanmu Kirista sun san Basamariyen da ya tsaya, ya ɗaure raunin baƙo, ya ɗora shi a kan dabbarsa, ya biya kuɗin jinya. Babu addinin da ke cikin wannan zaure da ya ce a bar jini ya ƙare a jikin mutum alhali maganinsa yana cikin kabad. Ajali na Allah ne. Makullin kabad kuwa a hannunmu yake, kuma a kansa za a tambaye mu.

To yaya aikin yake? Farkonsa rajista. Littafi guda a ɗakin gaggawa, ko kwamfuta in akwai: shekarun mutum, abin da ya same shi, ƙarfe nawa abin ya faru, ƙarfe nawa ya iso, wa ya kawo shi, awon jininsa, numfashinsa, ko yana cikin hayyacinsa, ƙarfe nawa likita ya gan shi, ƙarfe nawa aka shiga tiyata, yaya aka ƙare. Likitoci a Uganda sun tsara wani ɗan ma'auni mai sunan birnin Kampala domin asibitoci irin namu, ba ya buƙatar wata na'ura sai abin awon jini da agogo da ido. Agogon nan shi ne ginshiƙi. In ba a rubuta lokaci ba, kowa zai rantse cewa nan take aka yi komai, kuma da gaskiyarsa yake rantsuwa, domin mai aikin gaggawa ba ya jin wucewar lokaci.

Bayan rajista sai zama. Wata-wata a taru: likita, nas, mai sa barci a tiyata, mai ɗakin gwajin jini, mai kantin magani, direban motar asibiti, da wani daga ofis wanda ke da ikon sa hannu a kan kuɗi. A ɗauko fayil ɗin duk mai raunin da ya rasu, a cire sunansa, a bi labarin daki-daki. A ƙarshe a sa shi a ɗaya daga gida uku: wanda raunin ya fi ƙarfin kowane asibiti, wanda mai yiwuwa da an cece shi, da wanda lalle da an cece shi da kayan da muke da su a ranar.

Bari in ba ku misalin da ya fi zama a raina daga wancan asibitin. An kawo wani saurayi da dare, babur ya kayar da shi. Ƙafarsa ta karye, ƙashi a waje, kowa ya rufu a kanta. Yana magana, har yana tambayar ina babur ɗinsa. Aka gyara ƙafa, aka sa masa ƙarin ruwa, aka kai shi ɗakin kwanciya. Kafin asuba ya rasu. Da muka zauna sai takarda ta nuna bugun zuciyarsa yana ta hawa tun daga shigowarsa, an rubuta shi daidai, amma babu dokar da ta ce in ya kai kaza a tashi likita. Saifarsa ce ta fashe, jini yana ta zuba a cikin ciki, inda ido ba ya gani. Jikin saurayi yana iya riƙe awon jininsa daidai har ya zubar da jini mai yawa, sannan ya faɗi gaba ɗaya. Nas ɗin da ke aiki a daren ita kaɗai ce a ɗaki cike da majinyata. Da za mu ce laifinta ne, da mun huta, kuma da saurayi na gaba ya mutu daidai yadda wannan ya mutu. Abin da zaman ya fitar abu uku ne: duk wanda abin hawa ya kayar a taɓa cikinsa a sake taɓawa kafin ya bar ɗakin gaggawa; a manna takarda a bango mai nuna adadin da in an gani dole a kira likita ko ƙarfe nawa ne; kuma nas ba za ta sha faɗa ba in ta kira aka zo aka ga ba komai. Babu ɗaya a ciki da ya ci kuɗi.

A nan wahalar take, kuma zan ɗan daɗe a kanta. Mun tashi da girmama na gaba, abu ne mai kyau, ba na so mu rasa shi. Amma a ɗakin wannan zama dole ƙaramar nas ta iya cewa, ranka ya daɗe, na kira sau biyu ba a zo ba, kuma ta koma aiki washegari ba tare da fargaba ba. Ranar da aka mayar da zaman kotu, ranar shirin ya mutu: za a fara gyara takardu bayan aiki, a rubuta lokacin da bai faru ba, kowa ya kare kansa. Ba halinmu ba ne mu kaɗai. A farkon ƙarni na 20 wani likitan tiyata a Boston, Ernest Codman, ya ce a buɗe wa kowane majinyaci kati a bi shi har shekara guda a ga yadda aikin ya ƙare, a kuma rubuta kuskure in an yi. Abokan aikinsa suka juya masa baya, ya bar asibitin da yake aiki a 1914. Yau abin da ya nema shi ne ƙa'ida a manyan asibitocin duniya. Ƙasar Zuru gidan soja ce, da wuya a sami zuriyar da ba ta ba da ɗa ga aikin ba. Tsofaffin sojojin da ke nan sun san cewa in an dawo daga fagen daga ana zama a ƙirga mutane, a ƙirga harsashi, a faɗi inda aka yi sake, domin fita ta gaba. Irin wannan zaman nake roƙa wa asibitocinmu.

Yana aiki kuwa? A Khon Kaen, arewa maso gabashin Tailan, asibitin lardi ya buɗe rajista, ya gano jinkiri wajen farfaɗo da masu zubar jini da ƙarancin manyan likitoci a ɗakin gaggawa a lokutan cunkoso, ya gyara. Mace-macen masu rauni da aka kwantar suka sauka daga kashi 6.1 zuwa 4.4 cikin ɗari. A asibitin koyarwa na Komfo Anokye da ke Kumasi, bitar farko ta nuna kashi 25 na waɗanda suka rasu lalle da an cece su. Bayan kimanin shekara goma adadin ya koma kashi 13. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan wannan shiri, kuma daga bincike 36 da aka tattara a lokacin, 34 sun nuna ci gaba. Ga kuma allurar tiranekzamik, mai rage zubar jini. An gwada ta a kan mutum fiye da 20,000 a ƙasashe 40, har da asibitocin Najeriya, aka buga sakamakon a 2010 da 2011: tana rage mutuwa in an yi ta cikin sa'a uku da samun rauni, bayan haka ba ta da amfani. Ba ta da tsada. Amma in ba rajista, wa zai san mutum nawa suka same ta a kan lokaci?

Mu a Zuru muna da wata matsala ta daban, wato nisa. Mai raunin kai da ke buƙatar likitan tiyatar ƙwaƙwalwa sai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Wasu sai Birnin Kebbi, wasu masu karaya mai wuya har asibitin Dala a Kano. Tafiyar sa'o'i ce, a kan hanyar da kuka sani. Saboda haka babban aikin asibitin da ke nan shi ne ya sa mutum ya iya jure tafiyar: a buɗe hanyar numfashi, a sa roba a ƙirji in iska ko jini sun danne huhu, a tsayar da jini, a buga waya can kafin mota ta tashi, a haɗa shi da ma'aikaci da takarda. Sannan a bi sawu. Sau da yawa muna tura mutum ba ma sake jin labarinsa, sai mu ɗauka ya warke.

Sai maganar kuɗi da takardar 'yan sanda. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti ƙin ba da agajin gaggawa. Dokar 2017 a kan masu raunin harbi ta ce a karɓe su a fara magani ko da takardar 'yan sanda ko babu, ko an ajiye kuɗi ko ba a ajiye ba, a sanar da 'yan sanda cikin sa'a biyu da fara jinya, kuma kada a tsangwami wanda ya kawo su. Dokar tana nan, amma nas ba za ta iya ɗinki da doka ba. Sai an ajiye akwatin gaggawa da safar hannu, ruwa, zare da allura, wanda za a buɗe kafin a tambayi dangi ko sisi, a kuma san wanda zai mayar da abin da aka ɗiba. Masu hali na ƙasar nan da ƙungiyoyin ci gaban garuruwa, ga wurin da sadaka ke isa kai tsaye.

'Yan'uwana direbobi da 'yan kabu-kabu, ku ne motar asibitinmu ta gaskiya, ku kuke fara isa. A Ghana an koya wa ɗaruruwan direbobin haya agajin farko. A Kambodiya da arewacin Iraƙi an horar da mutanen ƙauye a yankunan nakiyoyi, mace-mace suka sauka daga kusan kashi 40 zuwa ƙasa da kashi 15. Abin da ake koyarwa ba shi da wuya: danne wurin da ke zubar jini da tsumma mai tsabta kada ka ɗaga, kwantar da wanda ya suma a gefensa, kada ka ɗura masa ruwa a baki, riƙe wuyansa daidai in za a ɗaga shi. Masu ɗori ma ina so a gayyace su. Jama'a sun yarda da su, ba kuma za su daina zuwa wurinsu ba. A zauna da su a yi yarjejeniya: karayar da ƙashi ya fito, da gaɓar da ta kumbura ta yi sanyi ko ta canza launi, a turo asibiti a ranar. Yara da yawa sun rasa hannu saboda ɗaurin da ya matse.

Roƙona ga masarauta da shugabannin ƙananan hukumomin Zuru, Fakai, Sakaba da Danko-Wasagu shi ne, duk wata uku ku nemi asibitocinku su kawo muku amsar tambaya huɗu: masu rauni nawa aka kawo, nawa suka rasu, nawa ne a cikinsu zaman ya ce da an cece su, kuma wane gyara aka yi. Kada ku nemi sunan ma'aikaci. In adadi na uku ya fito da yawa a karon farko, ku yaba wa asibitin, domin alama ce ta an fara faɗin gaskiya. Wanda ya kawo muku sifiri shi za ku zaunar ku yi wa tambayoyi. Malaman masallaci da na coci kuma, ku taimaka mana da jerin matasa masu lafiya da aka san rukunin jininsu, waɗanda za a iya bugawa waya da tsakar dare, domin a yanzu sai dangi sun iso daga ƙauye ake fara neman mai bayarwa.

 Allah Ya ba ƙasar Zuru lafiya da zaman lafiya.