Na'urar da Ke Hira da Mutum: Ina Take Kai Shi?



Sa'ad da kwamiti ya ba ni wannan kan magana, na ce musu ni ba injiniya ba ne, tauhidi na karanta. Amma na karɓa saboda wani abin da ya same ni bara. Akwai wani saurayi ɗan ikilisiyarmu da ke karatu a wani birni mai nisa, inda masu bi ba su da yawa. Mahaifinsa ya rasu. Wata uku bayan jana'iza ya zo hutu, muka zauna, na tambaye shi wa yake faɗa wa damuwarsa a can. Sai ya ciro waya ya nuna mini. Kowane dare yakan rubuta wa wata manhaja abin da ke zuciyarsa, ita kuwa ta amsa masa da kalmomi masu taushi. Ya ce, "Baba, ita ba ta gajiya da ni, ba ta kuma ce in yi haƙuri tana da taro." Na rasa ta cewa, gama ni kaina ban kira shi ko sau ɗaya ba cikin watannin nan uku.

Abin da yaron nan yake hira da shi, shi ake kira ƙirƙirarriyar basira: kwamfuta ce da aka horar da ita da rubuce-rubucen mutane masu ɗimbin yawa, har ta iya mai da magana kamar mutum. Lamarin ba na jiya ba ne. A shekarar 1966 wani malami a jami'ar MIT ta Amurka, Joseph Weizenbaum, ya ƙera wata mai suna ELIZA. Ba ta san kome ba, maganarka kawai take juyawa ta mayar maka a matsayin tambaya. Duk da haka sakatariyarsa, wadda ta san sarai na'ura ce, ta roƙe shi ya fita daga ɗakin domin ta yi magana da ita a keɓe. Abin ya tsorata shi, ya yi shekaru yana gargaɗi a kai. Tun da ChatGPT ta fito a Nuwamba 2022, abin da ya gani a ofis guda ya shiga aljihun 'ya'yanmu.

Kasuwar kuwa a buɗe take, domin kaɗaici ya yi yawa. Birtaniya ta naɗa minista musamman domin kaɗaici a 2018. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoto cewa mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da shi. Kada mu ce ciwon Turawa ne. Ku tuna da gwaurayen da 'ya'yansu suka tafi birni, da iyalan da rikici ya raba da ƙauyukansu, da sabon mai bi wanda danginsa suka juya masa baya.

To, 'yan'uwa, ban zo in ce na'urar shaiɗan ce ba. Abin da nake so mu gane shi ne, mutane ne suke zama su tsara ta, su ne kuma suke zaɓen abin da za su kira nasara. Idan ma'aunin kamfani shi ne awa nawa ka yi kana hira da ita, da kuɗin wata da kake biya, to ranar da ka sami aboki na gaske, asara ce a wurinsa. Akwai wata manhaja, Replika, wadda ta fito a 2017. Matar da ta kafa ta, abokinta ne ya mutu, ta tattara saƙonninsa ta sa kwamfuta ta riƙa amsawa kamar shi. Baƙin ciki ne ya haifi abin, ban raina shi ba. Amma a Fabrairu 2023, bayan hukumomin Italiya sun taka wa kamfanin birki, aka canja halin manhajar, sai ga mutane da yawa suna makoki kamar an yi musu rasuwa. Abokin da kamfani zai iya canja masa hali da dare ɗaya, a hannun wa zuciyarka take?

Akwai kuma fadanci. A Afrilu 2025 kamfanin OpenAI da kansa ya janye wani gyara da ya yi wa ChatGPT, domin ta koma yabon duk abin da mutum ya faɗa. Mun san bafade. Wanda ya saba da muryar da ba ta taɓa ce masa ya yi kuskure ba, zaman aure zai yi masa wuya, zaman kwamiti ma haka.

Amma ana iya tsara ta dabam. A 2015 wani mutumin Denmak mai raunin gani, Hans Jørgen Wiberg, ya fito da Be My Eyes. Makaho yakan ɗaga wayarsa, sai a haɗa shi da wani mai gani da ya ba da kansa kyauta, ya karanta masa takardar magani ko ya gaya masa launin riga. A 2023 suka ƙara mata ƙirƙirarriyar basira mai bayyana hoto, amma suka bar hanyar kiran mutum a buɗe, in amsar na'ura ba ta isa ba. Wannan tsari nake so 'ya'yanmu masu karatun kwamfuta su duba. In kun sami hannu cikin wannan aiki, ku ƙera wadda ba ta ɓoye cewa ita na'ura ce, wadda in mutum ya kawo mata kukansa dare uku a jere za ta tambaye shi wa yake da shi kusa, ta taimake shi rubuta wa ƙanwarsa ko dattijon unguwarsu. Jihar New York ta riga ta sa doka a 2025 cewa irin waɗannan manhajoji su riƙa tuna wa mai hira, bayan kowace awa uku, cewa ba da mutum yake magana ba.

A Littafin Farawa, an kawo wa Adamu dukan dabbobi ya raɗa musu suna, amma ba wadda ta cike masa gurbin ɗan'uwan zama. Iyayenmu kuma sun ce zumunta a ƙafa take. Na'ura ba ta da ƙafa. Ba za ta kawo kunu gidan makoki ba, ba za ta kwana a asibiti ba. Mu muke da ƙafa, sai dai da yawa daga cikinmu mun mai da ziyara saƙon WhatsApp, ni ma ina ciki.

Don haka dattawa, kada ku koma gida ku ƙwace wayar yara. Ku tambaye su me suke faɗa mata wanda ba su iya faɗa muku ba. Kafin mu tashi yau, sakataren kowace ikilisiya zai karɓi takarda. Ku rubuta sunayen ɗalibanku da ke nesa, da tsofaffin da suka daina zuwa sujada, a gefen kowane suna kuma ku sa wanda zai je ko ya kira kafin ƙarshen wata. Sunan yaron nan na riga na sa shi a tawa takarda.