Soro Marar Rawani

Karatunmu na yau yana cikin Maimaitawar Shari'a 22:8. A can Allah ya umarci Isra'ilawa, duk wanda ya gina sabon gida ya ja wa soronsa rawani, wato 'yar katanga a gefen rufi. A ƙasarsu mutane sukan zauna a kan rufi. In wani ya faɗo domin babu rawani, alhakin jininsa yana wuyan maigida.

'Yan'uwa, wayar da muke miƙa wa 'ya'yanmu soro ce mai tsawo, hotunan batsa kuwa su ne ramin da ke ƙasa. Hukumomi sun fara jan rawani. A Ingila, daga Yulin 2025, dole shafin batsa ya tabbatar mai shiga ya kai shekara 18, ta katin shaida ko hoton fuska. A Amurka, Kotun Ƙoli ta amince da irin wannan doka ta jihar Texas a Yunin 2025. A nan Nijeriya, dokar kare bayanai ta 2023 ta bukaci kamfani ya tabbatar da shekaru, ya kuma nemi yardar iyaye kafin ya karɓi bayanan yaro. Mun gode wa Allah domin wannan, gama Romawa 13 ta koya mana hukuma baiwarsa ce domin alheri.

Amma mu duba gidajenmu a Kafanchan, Kagoro, Zonkwa da Kwoi. Layin da ke wayar yaro, da sunan wa aka yi rajistarsa? Sau da yawa da sunan uba ko uwa. Kamfani yana ganin babba ne, alhali ɗan shekara 12 ke riƙe da ita. Mai tura fina-finai a kasuwa kuma ba ya tambayar shekaru. Doka ta san suna, mu muka san hannun.

Eli firist ya ji abin da 'ya'yansa ke yi, bai hana su ba, hukunci ya sauko wa gidansa (1 Sama'ila 3:13). Saboda haka kada waya ta kwana a ɗakin yara. Mu san abin da ke cikinta. In yaro ya ga abin kunya, mu saurare shi cikin ƙauna da yarenmu na gida, kada bulala ta koya masa ɓoyewa. Mu iyaye ma mu tsarkake wayoyinmu.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka ba mu hikimar tsaron yaran da ka ba mu amana, cikin sunan Yesu. Amin.