Amsoshin Wasiƙunku: Bututun Iska Mai Sanyi Zai Ƙara Wa Motar Kaya Ƙarfi?

Yau za mu fara da takardar wani Alhaji mai fataucin hatsi daga Dambatta. Ya ce yana da motar kaya mai turbo, wadda yake ɗebo gero da dawa da wake da ita daga ƙauyukan Makoda da Kunchi zuwa kasuwar Dawanau. Direbansa ya kawo masa ƙara cewa motar ta rage ja, tana baƙin hayaƙi, ga shan mai. Sai wani makanike ya ba su shawara a cire tukunyar filtar iska da motar ta zo da ita, a sa wani bututu na ƙarfe mai buɗaɗɗiyar filta a baki, wai shi yana jawo iska mai sanyi, yana ƙara ƙarfi, yana rage shan mai. Alhaji yana tambaya, ya saya ko kada ya saya?

To Alhaji, mun gode da wannan wasiƙa. Tun shekarar 2022 da kuɗin man gas ya yi tashin gwauron zabo, duk wanda ya ce zai rage maka shan mai dole ka tsaya ka saurare shi. Amma amsarmu a taƙaice ita ce, kada ka saya. Ga dalili.

Maganar makaniken tana da tushe. Inji ba ya ƙona mai sai da iska. Lita ɗaya ta man gas tana bukatar iska sama da lita 10,000 kafin ta ƙone sarai. Kuma iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, wato ta fi cika a mazubi ɗaya. Duk lokacin da zafin iska ya ƙaru da digiri 3, nauyinta yakan ragu da kamar kashi 1 cikin 100. Shi ya sa direbobi ke cewa mota ta fi jin daɗin tafiya da asuba fiye da tsakar rana a watan Afrilu, lokacin da zafi a Kano yake haura digiri 40.

Sai dai fa motarka mai turbo ce, kuma a nan lissafin ya sauya. Turbo wata farfela ce guda biyu a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da inji ke fitarwa yana juya ta baya, ita kuma ta gaba tana danna iska cikin inji da ƙarfi. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Büchi ne ya yi rajistar wannan dabara a 1905, kuma a 1938 aka fara sa ta a injin motar kaya a can ƙasar. Farfelar nan tana iya zagayawa sau 100,000 a minti ɗaya, ko fiye. To ita iska idan aka matse ta zafi take yi. Ka taɓa famfon keke bayan an gama ba taya iska, za ka gane. Iskar da ta fito daga turbo a lokacin da mota ke jan lodi takan wuce digiri 100, ta fi tafasasshen ruwa zafi. Don haka ne yawancin motocin suke da wani abu kamar lagireto a gaba, wanda makanikai ke kira intakula. Shi ne yake sanyaya iskar kafin ta shiga inji. Ka ga ashe aikin sanyaya iska akwai mai yinsa tun daga kamfani.

Abu na biyu, dubi inda motarka take shaƙar iska. A manyan motoci irin su DAF da Howo za ka ga bakin bututun a waje yake, can sama a bayan kan mota. Iskar waje yake ɗauka, kuma babu bututun da zai kawo wadda ta fi ta waje sanyi. Shi kuwa na kasuwar, sau da yawa kusa da inji ake ɗaura shi, inda iska ta fi zafi. Ka biya kuɗin iska mai sanyi, an ba ka mai zafi.

Abu na uku, ƙarfin injin gas ya danganta ne da yawan man da famfo ko kwamfutar mota ke ba shi. Idan iskar da yake samu ta ishe shi, ƙarin iska ba zai ƙara masa wani ja na a zo a gani ba. Abin da yake ƙaruwa shi ne ƙara. Direba zai ji turbo tana fito, sai ya ɗauka ƙarfi ne ya zo.

Yanzu ga inda haɗarin yake. Irin wannan bututu an fi yayinsa a Amurka, wajen masu akori-kura da motocin tsere, waɗanda galibi a kan kwalta suke yini. Filtarsa ta auduga ce da ake shafa wa mai, kuma tana barin iska ta wuce da sauƙi ne saboda idonta ya fi faɗi. Matan gida sun san wannan: rariya mai manyan idanu ta fi saurin tankaɗe, amma da tsaki take zubowa. Mu kuwa nan hanyar burji muke bi, da turɓaya tsakanin gonaki. Daga Nuwamba zuwa Maris kuma ga hazon hunturu, wanda mafi yawansa iska ke kwasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi. Ƙurar nan idan ta wuce filta, sai ta fara cin bakin farfelar turbo. Daga nan ta shiga cikin inji ta goge ringi da bangon silinda, ta gauraya da baƙin mai. Ba a rana ɗaya take kashe inji ba. Sannu a hankali za ka ga mota ta soma shan baƙin mai, tana hayaƙi, tana wuyar tashi da safe, har a kai ga sauke inji. Idan hakan ya faɗo a tsakiyar kaka, ga kuɗin gyara, ga lodin da ya wuce ka. An je neman ƙiba an samo rama. Da damina kuma, bututun da aka ɗaura ƙasa-ƙasa yana iya zuƙar ruwa a mashigi, kuma ruwa a cikin silinda lanƙwasa ƙarfen inji yake yi nan take.

To me za a yi wa motar? Alamun da direbanka ya faɗa, wato rashin ja da baƙin hayaƙi da shan mai, sun fi nuna cewa iska ce ba ta isa inji. Ka sa a duba waɗannan, ɗaya bayan ɗaya, kana tsaye.

Da farko filta. Idan ta toshe, a sayi sabuwa mai kyau daidai lambar motar. A daina buga ta a jikin taya, don takardar tana tsagewa inda ido ba ya gani. Idan akwai ƙaramar filta a cikin babbar, ita ba a wanke ta, ba a hura ta, sauyawa ake yi. Wasu motocin suna da ɗan agogo a jikin tukunyar, wanda yake nuna ja idan filta ta cika.

Sannan robobin da suka haɗa turbo da intakula da inji. Ƙaramar huda ko sakakken ɗauri ya isa ya zubar da iskar da turbo ta tara. A wanke fuskar intakula da lagireto, domin ƙaiƙayi da ƙura suna toshe su lokacin sussuka. Idan duk wannan lafiya, sai a gwada nozul da famfon mai.

Ga kuma gwajin da ba ya cin ko kwabo. A kwance bututun da ke tsakanin filta da turbo, a shafa farin ƙyalle a cikinsa. In ƙyallen ya fito da ƙura, to akwai inda take shiga, kada motar ta ɗauki lodi sai an gano wurin.

Kai kuma direba, idan ka iso Dawanau da lodi, ka bar inji yana aiki kamar minti 3 kafin ka kashe, don turbo ta huce da mai a jikinta.

Akwai kuma wani manomi daga Tsanyawa da ya tambaya ko tsohuwar tukunya mai baƙin mai a gindi, irin ta tarakta, ta tsufa da aiki. Malam, ba ta tsufa ba. A wurin ƙura tana da amfani ƙwarai. Ka dai riƙa zubar da man idan laka ta taru, ka wanke, ka zuba sabo daidai layin da aka zana, kada ya wuce.

To jama'a, nan za mu dakata. A ci gaba da aiko mana da wasiƙu, a rubuta sunan gari da irin motar ko injin da ake tambaya a kai. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka, Ya kiyaye hanya. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.