Clash of the Titans: wai wane ne "na asali" da ake ta kuka an ɓata?

 Ga waɗanda data ba ta bari sun saurari shirin ba, ga shi nan a rubuce kamar yadda muka saba.

Makon jiya na ɗebo ruwan dafa kaina. Muna hira a kan finafinan da ake sake yi, sai na ce Clash of the Titans na 2010 bai kai munin da ake faɗa ba. Jimla ɗaya ce tak, na wuce abina. Kafin gari ya waye saƙonni sun cika min waya. Wani bawan Allah daga Zariya, wanda daga jin muryarsa ya girme ni nesa ba kusa ba, ya turo murya ta kusan minti shida. Ya ce: "Ƙanena, kai yaro ne. Ba ka ga na asali ba shi ya sa." To Yaya, na ji. Na koma na kalli duka biyun a jere, kuma yau a kansu za mu yini.

Ga wanda bai san zancen ba: fim biyu ne masu suna ɗaya. Na farko ya fito a 1981, na biyu a 2010, kamfanin Warner Bros ya sake yin sa, wani Bafaranshe Louis Leterrier ya ba da umarni. Duka biyun labarin Perseus ne, gwarzo a tatsuniyoyin Girkawan dā, wanda ya sare kan Medusa, macen nan mai gashin macizai da duk wanda ya haɗa ido da ita yake zama dutse, sannan ya yi amfani da kan ya kashe dodon teku ya ceci gimbiya Andromeda.

Ni na 2010 na fara gani, a irin faifan nan mai fim ashirin a ciki, ana kallo ana addu'ar kar a ɗauke wuta. Lokacin da manyan kunamai suka ɓullo daga cikin yashi, duk ɗakin ihu muka yi. Don haka a wurina shi ne na asali. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Bari mu fara da su Yaya. Abin da suke ƙauna a tsohon fim ɗin aikin hannun Ray Harryhausen ne, kuma shi ne fim ɗinsa na ƙarshe kafin ya yi ritaya. Babu kwamfuta a aikin. 'Yar tsana yake ƙerawa mai ƙashin ƙarfe da fatar roba, ya ɗan motsa hannunta kaɗan, ya ɗauki hoto, ya sake motsawa, ya sake ɗauka. Hoto 24 ne ke ba da daƙiƙa ɗaya ta fim. Yanzu ka ƙiyasta Medusa, wadda kowane maciji da ke kanta sai an motsa shi daban, ga wutsiya tana kaɗawa, ga hasken wuta yana rawa a fuskarta. Na kalli wurin nan da daddare, ni da na je da niyyar dariya, sai na ji tsigar jikina ta tashi. Tana jan jiki a hankali, ba ta sauri, ba ta magana, sai ƙarar wutsiyarta. Ta 2010 kuwa gudu take kamar an saki babur, tana dariya, fuskarta kyakkyawa, kyamara na ta juyi har ba ka san wa ke ina ba. A nan kam Yaya ya yi gaskiya, na sara masa. Tsoro yana son a ba shi lokaci.

Amma matasa ma sun turo nasu. Wani ya ce ya gwada kallon na 1981 bai kai rabi ba, wai dodon tekun kamar abin wasan yara ne a cikin baho. Shi ma ba ƙarya ya yi ba. Akwai wuraren da za ka ga a fili mutum daban, bango daban, an manna su ne kawai. Ga kuma mujiyar ƙarfe mai suna Bubo da ke ta kuka tana faɗuwa. Mu nan in mujiya ta sauka a kan gida sai a fara neman tsari, su Girkawa kuwa tsuntsuwar hikima ce a wurinsu, alamar Athena. Masu sabon fim ɗin sun san tsofaffi na son Bubo, sai suka nuno ta na 'yan daƙiƙu: Perseus ya ɗago ta a ɗakin makamai, wani soja ya ce masa ya ajiye abin nan. Wasu sun yi dariya. Wasu kuwa har yau suna ganin cin fuska ne, kamar ka gāji gidan mutum sannan ka yi wa hotonsa gwalo.

Yanzu ga inda nake so mu tsaya sosai. Kalmar da ta fi yawa a saƙonninku ita ce "asali". Sun ɓata labarin asali, sun canza labarin asali. Ni kuma na ce, wane asalin?

Kraken ɗin nan da duka finafinan biyu suka yi suna da shi, wanda umarnin a sake shi ya zama abin barkwanci a intanet bayan Liam Neeson ya faɗa, ba na Girkawa ba ne ko kaɗan. Dodon teku ne na almarar mutanen arewacin Turai, wajen Norway. Girkawa Ketos suke kiran nasu. Doki mai fukafukai, Pegasus, ba Perseus ne ya hau shi ba a tsofaffin ruwayoyi, wani gwarzo ne daban mai suna Bellerophon. Perseus takalma masu fukafukai ya saka. Shi Pegasus ma daga jinin Medusa ya fito bayan an sare ta, to ta yaya za ka hau shi kafin a haife shi? Kuma waɗanda ake kira Titans ɗin, da sunansu ke kan fim, babu su a ciki. Duk wannan akwai shi tun a na 1981. Wato abin da Yaya ke kira asali shi ma kwaskwarima ce, kawai dai ita ce ta fara shiga idonsa yana yaro, kamar yadda kunamai suka fara shiga nawa.

Abin haushin shi ne, ainihin labarin ya fi duka biyun daɗi. Sarki Acrisius na Argos aka yi wa duba cewa jikansa ne zai kashe shi. Sai ya kulle 'yarsa Danae don kar ta haihu. Duk da haka ta haifi Perseus, sai ya zuba uwa da jariri a akwati ya jefa teku. Wani masunci ya tsince su a tsibirin Seriphos. Yaron ya girma, sarkin tsibirin ya ƙyalla ido a kan uwarsa, yana neman hanyar kawar da ɗan, sai ya tura shi ɗebo kan Medusa da tunanin ba zai dawo ba. Kun ga dalilin tafiyar ke nan: mutuncin uwarsa. Ya dawo, ya nuna wa sarkin kan, sarki ya zama dutse. Sannan can daga baya, a wajen gasar wasanni, ya jefa faifan jifa ya kauce ya sami wani tsoho a cikin 'yan kallo. Wane ne tsohon? Kakansa, wanda ya gudu ya bar garinsa don tsoron wannan ranar. Jama'a, wannan ba labari ba ne? Da marubutanmu na littattafan Hausa ne suka samu, da sai an yi littafi na ɗaya zuwa na huɗu. Babu fim ɗin da ya taɓa wannan ƙarshen a cikin biyun, kuma ban ga saƙo ko ɗaya yana kukan rashinsa ba.

Me suka saka a madadinsa? Na 1981 ya saka soyayya: ya ga Andromeda, ya kamu, ya tafi ya ceto ta. Mai sauƙi ne amma ka san me yake so. Na 2010 ya saka fushi. Hades ya nutsar da jirgin iyayen riƙonsa, shi kuma ya rantse sai ya rama. Sam Worthington ya yi fim ɗin gaba ɗaya da fuska ɗaya, a murtuke, da askin soja kamar yanzu ya fito daga bariki, alhali kowa a kusa da shi gashi har kafaɗa. Yana ta nanata cewa a matsayin mutum zai yi yaƙin, ba ya son taimakon ubansa Zeus. Ƙarshenta? Takobin ya karɓa, kuɗin biyan mai kwalekwalen lahira ya karɓa, dokin ya hau. Kamar ɗan mai kuɗin da ke cika baki shi da guminsa ya tashi, amma kullum a motar baba yake zuwa. Andromeda kuwa da ya ceta, ko sanin ta bai yi sosai ba, ya bar ta a bakin teku ya koma wa wata mai suna Io. A faifan da aka fitar daga baya akwai wani ƙarshen daban inda yake tare da Andromeda, alamar su kansu masu fim ɗin ba su tsaya a magana ɗaya ba. Wannan shi ne laifin fim ɗin a ganina, kuma ba shi da alaƙa da asali ko rashinsa.

Akwai kuma kukan da mu ba mu ji zafinsa ba don a faifai muka kalla, amma waɗanda suka je silima a Amurka da Turai sun ji. Avatar ya fito a Disambar 2009 da fasahar 3D, ya kwashi kuɗin da ba a taɓa gani ba. Sai kamfanin ya ga ai ga dama. Fim ɗin da ba a ɗauka da kyamarar 3D ba, aka mai da shi 3D da kwamfuta cikin 'yan makonni, har aka ɗaga fitowarsa zuwa 2 ga Afrilu. Mutane suka biya ƙarin kuɗin tikiti, suka saka tabarau, suka ga hoto ya yi duhu, kawunan mutane kamar an yanko su daga kwali. Shi kansa Leterrier daga baya ya fito ya soki wannan aikin, ya nuna neman kuɗi ne kawai. Masu sharhi suka yi masa kaca-kaca, a shafin Rotten Tomatoes bai kai kashi 30 cikin 100 ba. Amma fim ɗin da aka kashe wa dala miliyan 125 ya tara sama da miliyan 490 a duniya. To a ofishin kamfani wane ra'ayi za a ji, na mai zagi ko na mai biya? Ai mutum ɗaya ne, ya biya sannan ya fito yana zagi. Sai aka yi na biyu, Wrath of the Titans, a 2012. An kashe masa fiye da na farko, ya tara kimanin miliyan 300. Na uku da aka shirya ba a yi shi ba. Sai da mutane suka ƙi zuwa sannan aka gane ashe da gaske suke.

Wata 'yar'uwa daga Maraɗi ta tambaya, me ya kai mu tattauna fim ɗin da ake kiran wasu da alloli? Tambaya ce mai kyau, 'yar'uwa, kuma hukuncin kallo ba nawa ba ne, a tambayi malamai. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya bari, babu abin da ya rasa. Ni dai a matsayin tatsuniyar wasu mutane na ɗauke shi, kuma sanin me suka ƙirƙira yana taimaka min in gane lokacin da aka taɓo namu. Don an taɓo. A cikin na 2010 akwai wasu halittu na sahara da fim ɗin ya kira aljanu, fuskarsu kamar ƙonannen itace, idanu shuɗaye, sanye da rawani, suna hawan kunamai. Babu su a labarin Girkawa, babu su a na 1981. Sunan shugabansu Sheikh Suleiman. Ba ya magana da harshen da za a fahimta, kuma ƙarshensa shi ne ya tarwatsa kansa a jikin Medusa. Ku ɗan yi tunani a kan wannan hoton, a fim ɗin Hollywood na 2010. Ban ce da gangan aka yi ba. Na dai ce mu da muka yi ta tafi a ɗakin kallo ba mu lura ba, ni ma sai a wannan karon na lura.

Ga ɗaya kuma. A ruwayar Girkawa, Andromeda 'yar sarkin Aethiopia ce. Ba lallai Habasha ta yau daidai ba, suna ne da suke ba ƙasashen masu duhun fata da ke can nesa da su, kuma mawaƙin Rum Ovid ya siffanta ta da duhun fata. Na 1981 ya mai da garinta Yafa, wadda dama wasu tsofaffin marubuta sun ce a can abin ya faru. Na 2010 ya ɗauke ta gaba ɗaya ya kai Argos, cikin Girka. A duka biyun Baturiya ce ta fito a matsayinta. An yi shekaru ana rigima a kan mujiyar ƙarfe, an yi rigima don dokin da yake fari a 1981 ya koma baƙi a 2010. Launin doki ya tayar da ƙura fiye da launin gimbiya. Cikin saƙonnin da kuka turo min ma, mu da abin ya fi shafa, babu wanda ya ambace ta.

To Yaya na Zariya, ga matsayata bayan na sake kallo. Na janye maganata ta makon jiya rabi. Na 1981 ya fi zuciya, kuma Medusarsa ba ta da sa'a. Na 2010 ya fi kunamai, kuma Mads Mikkelsen a matsayin shugaban sojoji ya fi jarumin fim ɗin komai. Amma kalmar "asali" ɗin nan, don Allah a ajiye min ita.

Wani kuma ya ce labarin ya tuna masa Bayajidda: baƙo ya zo, ya kashe macijin rijiyar Kusugu a Daura, ya auri sarauniya. Ya tambaya in aka ce za a yi fim ɗinsa da kuɗi irin wannan, wace ruwaya za a bi, kuma wa zai fara cewa an ɓata? Wannan shiri ne guda, shi za mu ɗauka mako mai zuwa in Allah ya kai mu. 'Yan Daura ku shirya muryoyinku, amma don Allah kar ta wuce minti biyu. Sai mun haɗu.