Daga Kwalejin Al'umma Zuwa Babbar Jami'a A Amurka: Tun Ran Gini, Ran Zane

(Jawabin da aka gabatar a zaman ilimi na taron ƙungiya na shekara-shekara)



Kwamitin ilimi ya nemi in yi bayani a kan wata tambaya da iyaye suka sha yi mana, musamman waɗanda ke da 'ya'ya ko ƙanne a ƙasar Amurka. Tambayar ita ce: yaron da ya fara karatu a kwalejin al'umma, wadda ake yi shekara biyu, zai iya kaiwa ga manyan jami'o'in nan da shigarsu ke da wuya? Amsa ita ce zai iya. Sai dai ana shirya wannan ƙaura ne tun daga zangon farko, domin wanda ya bari sai shekara ta biyu ya yi latti. Ba zan taɓo batun biza ba, domin magana ce mai zaman kanta, kuma tun 2025 ƙofarta ta ƙara ƙuntata ga 'yan Nijeriya.

Asalin wannan hanya

Kwalejin al'umma makaranta ce ta gwamnati da ke karɓar kusan duk wanda ya gama sakandare, a kan kuɗi kaɗan. Ta farkonsu da ke nan har yau ita ce kwalejin Joliet da ke jihar Illinois, wadda aka kafa a 1901 da goyon bayan William Rainey Harper, shugaban Jami'ar Shikago na farko. Manufar ita ce ɗalibi ya yi shekaru biyun farko na digiri a kusa da gida, sannan ya ƙarasa sauran biyun a jami'a. Wanda ya san yadda mai takardar NCE ko difloma ke shiga aji biyu na jami'a a nan gida ta hannun hukumar JAMB, ya riga ya fahimci rabin zancen.

Zan ɗauki jihar Kalifoniya a matsayin misali, domin a can ne aka fi shimfiɗa hanyar a rubuce. A 1960 jihar ta fito da babban tsarin ilimi mai zurfi, wanda Clark Kerr, shugaban Jami'ar Kalifoniya na lokacin, ya jagoranci tsara shi. Tsarin ya ware wa Jami'ar Kalifoniya kashi ɗaya cikin takwas na ɗaliban da suka fi hazaƙa a sakandare, ya ware wa jami'o'in jiha kashi ɗaya cikin uku, ya bar kwalejojin al'umma a buɗe ga kowa, tare da alkawarin cewa wanda ya yi ƙwazo a can zai sami hanyar hawa sama. Jihar na da irin waɗannan kwalejoji 116. Mazaunin jihar na biyan dala 46 a kan kowane awon darasi da suke kira yunit, wato dala 2,760 a kan yunit 60 na shekara biyu, alhali kuɗin karatu na shekara ɗaya tak a Jami'ar Kalifoniya ya haura dala 14,000. Baƙon da ba mazauni ba yana biyan fiye da haka a duka wuraren biyu.

Kada a ɗauka hanyar ta marasa ƙoƙari ce. Eileen Collins, mace ta farko da ta shugabanci tafiyar jirgin sama jannati na Amurka a 1999, a kwalejin al'umma ta Corning ta fara kafin ta wuce Jami'ar Syracuse. Jami'ar Princeton ma, wadda ta rufe ƙofar masu ƙaura tun 1990, ta sake buɗe ta a 2018.

Inda ake yin tuntuɓe

'Yan'uwa, ga inda gizo ke saƙar. Bincike ya nuna cewa mafi yawan masu shiga waɗannan kwalejoji da niyyar yin digiri suke shiga, amma kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke ƙaura zuwa jami'a, kuma waɗanda ke kammala digiri cikin shekara shida ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Wani rahoto da ofishin binciken ayyukan gwamnatin Amurka ya fitar a 2017 ya ƙiyasta cewa masu ƙaura na asarar kimanin kashi 43 cikin ɗari na darussan da suka riga suka ci, saboda sabuwar makarantar ba ta lissafa su ba.

Na ga wannan da idona. Wani ɗan ƙanwata ya shafe shekara biyu yana karatu da rana, yana aikin gadi da dare, makinsa kuma abin a yaba. Burinsa injiniya. Amma duk zango sai ya zaɓi darussan da suka dace da lokacin aikinsa, bai taɓa duba abin da sashen injiniya ke nema ba. Da lokacin cike takarda ya zo, sai aka tarar bai fara jerin darussan lissafi mai zurfi da fiziks ba, su kuwa ba a haɗa su a zango ɗaya, sai an ci na farko ake shiga na biyu. Haka ya ƙara shekara ɗaya da rabi. Kuɗin da mahaifiyarsa ta sayar da fili ta tura masa ya ƙare kafin ya taka jami'ar. Yaron ba rago ba ne, bai dai sami wanda zai ce masa ya tambaya ba.

Abin da ɗalibi zai yi

Na farko, ya tsayar da fannin da zai karanta da jami'o'i biyu ko uku da yake hari tun a zangon farko. A Kalifoniya akwai shafin intanet na hukuma mai suna ASSIST, wanda ke nuna darasi kaza na kwaleji kaza shi ne daidai da darasi kaza a jami'a kaza. Ya buga jerin, ya kai wa jami'in ba da shawara na kwalejinsa, su tsara zango huɗu tare. Matambayi ba ya ɓata.

Na biyu, ya san sharuɗɗan. Jami'ar Kalifoniya na son yunit 60 da take amincewa da su, da darussa bakwai na tilas: biyu na rubutun Turanci, ɗaya na lissafi, huɗu daga fannonin adabi, zamantakewa da kimiyya. Mafi ƙarancin matsakaicin maki shi ne 2.4 cikin 4 ga mazauni, 2.8 ga baƙo. Wannan izinin neman gurbi ne kawai. A rassan Berkeley da Los Angeles, waɗanda ake ɗauka sukan zarce wannan nesa ba kusa ba.

Na uku, ya yi amfani da yarjejeniyar tabbacin gurbi da ake kira TAG. Rassa shida ne ke cikinta: Davis, Irvine, Merced, Riverside, Santa Barbara da Santa Cruz. Ana nema a watan Satumba, a reshe ɗaya kaɗai, kuma ba kowane fanni take ɗauka ba. Berkeley, Los Angeles da San Diego ba sa ciki. Mai hankali yakan riƙe wannan a hannu, sannan ya nemi sauran ta babbar takardar da ake rufewa a ƙarshen Nuwamba, kusan shekara guda kafin ya fara.

Na huɗu, ya kula da rubutun bayanin kai. Mai ƙaura na amsa tambayoyi huɗu, kowace ba ta wuce kalma 350 ba, kuma ɗaya tilas ce, a kan yadda ya shirya wa fanninsa. Tarbiyyarmu ta hana yabon kai, shi ya sa yaranmu kan ɓoye aikin dare da ɗawainiyar ƙanne, alhali irin wannan ne masu tantancewa ke son ji. Ya faɗi abin da ya yi yadda ya faru, ba ƙari ba ragi.

Na biyar, ya bayyana duk makarantar gaba da sakandare da ya taɓa shiga, har da wadda ya fara a nan gida ya bari. Ɓoye wannan kan sa a janye gurbi bayan an bayar.

Na shida, ya nemi tallafi da wuri. Gidauniyar Jack Kent Cooke, alal misali, na bai wa zaƙaƙuran masu ƙaura daga kwalejojin al'umma har dala 55,000 a shekara, sai dai gasar na da zafi ƙwarai.

Kira ga iyaye da ƙungiya

Iyayena, idan ɗanku ya ce yana kwalejin al'umma, kada ku ji kunyar faɗa a cikin dangi. Idan kun yi waya, bayan an gaisa, ku tambaye shi wace jami'a yake hari, ko darussan wannan zangon na cikin jerin da take karɓa, kuma yaushe ya ga jami'in ba da shawara. Uban da bai taɓa shiga aji ba ma zai iya yin waɗannan tambayoyi uku.

Ina kuma roƙon kwamitin ilimi ya tattara sunayen 'ya'yanmu da suka riga suka bi wannan hanya, ya haɗa kowane sabon ɗalibi da ɗaya daga cikinsu kafin ya yi rajistar darasinsa na farko. Wannan ba ya buƙatar ko sisi daga asusun ƙungiya, kuma da ɗan ƙanwata ya sami irinsa, da filin mahaifiyarsa ya ishe shi har ya gama.

Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, ya mayar da kowa gidansa lafiya.