Dutse, Ruwa da Jama'a: Dutsin-Ma a Idon Malamin Makaranta

 

An nemi mu yi magana a kan garin da muke koyarwa a cikinsa: asalinsa, shimfiɗar ƙasarsa da yawan jama'arsa. Wani zai ce mene ne abin faɗa, tunda kullum a cikinsa muke kwana muke tashi. To, sau da yawa ɗalibinmu yakan iya kawo sunan Kogin Nilu da na Kwara ba tare da gargada ba, amma a tambaye shi ina ruwan Zobe yake zuwa idan ya wuce madatsa, sai ya yi shiru. Wannan shirun namu ne, domin mu ne ke riƙe da alli.

Mu fara da dutse. Abin da muka ji daga bakin magabata shi ne wani maharbi mai suna Ma ya zauna a dutsen nan da ke tsakiyar gari, jama'a suka riƙa taruwa a gindinsa, har wurin ya amsa sunan Dutsin-Ma. Sarautar ƙasar kuwa tana komawa ne ga zamanin jihadi, a farkon ƙarni na 19, lokacin da Malam Na Alhaji, ɗaya daga cikin jagororin jihadi a ƙasar Katsina tare da Ummarun Dallaje da Ummarun Dumyawa, ya kafa gidan da ke riƙe da sarautar 'Yandaka. Har yau 'Yandakan Katsina shi ne Hakimin Dutsin-Ma, kuma yana cikin masu zaɓen Sarkin Katsina. Maƙwabciyarmu Kurfi ita ce mazaunin Maraɗin Katsina, sarautar da Alhaji Ahmadu Kurfi ya riƙe, wanda shi ne sakataren hukumar zaɓe ta ƙasa a zaɓen 1979.

A gyaran ƙananan hukumomi na 1976, Dutsin-Ma ta zama hedikwatar ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi bakwai na ɓangaren Katsina a tsohuwar Jihar Kaduna. Bayan an ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 aka ci gaba da yanka sababbi, Kurfi ta tsaya da ƙafarta, amma har yanzu kujera ɗaya muke da ita a Majalisar Wakilai ta Tarayya.

Sai ruwa. Garinmu yana kimanin kilomita 60 kudu da birnin Katsina, a ƙasar da damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, sauran shekara kuma rani ne. A irin wannan ƙasa, duk inda ruwa ya kwanta, nan mutane suke kwana. A kudu da gari Kogin Karaɗuwa yake ratsawa, kuma a kansa aka gina Madatsar Ruwa ta Zobe, aka kammala ta a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari. Ganuwar ta ƙasa ce, tsayinta mita 19, tsawonta mita 2,750, kuma an tsara ta ne ta riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 179. Ruwan da ya wuce ta yakan bi Bunsuru ya faɗa Rima, ya ratsa ƙasar Sakkwato ya shiga Kwara, daga can sai teku. Ashe ɗalibin da ya tsaya a bakin Zobe yana tsaye ne a kan hanyar da ta haɗa shi da Kwarar da yake haddacewa a littafi.

An gina madatsar don ruwan sha da noman rani, amma ta daɗe tana jiran cikar alkawari. Sai a watan Yuli na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin tace ruwan Zobe da tura shi ta bututu, shekara 38 bayan kammala ganuwar. A wannan tsakani masunta da manoman rani sun ci moriyarta gwargwadon hali, kuma bakin ruwan ya zama wurin shan iska ga mutanen gari da baƙi. Yana kuma da nasa haɗarin da ya kamata mu koyar: ruwan da ke kwance yana raya ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya, wadda ke shiga jikin yaro ta fata idan yana wanka.

Abu na biyu da ya tara mutane a nan bayan ruwa shi ne makaranta. A 1962 wani yaro ya zo firamaren kwana ta Dutsin-Ma daga Rafukka, sunansa Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya zama gwamnan jiharmu, ya kuma zama shugaban ƙasa a 2007. Malaman da suka kira sunansa a rajista ba su san wa suke kira ba. Daga baya muka sami Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, inda da yawanmu muka yi karatu, sannan Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011. Kowace daga cikinsu ta zo da ma'aikata da iyalansu, da masu haya, da 'yan kasuwa, kuma 'ya'yan dukkansu a azuzuwanmu suke zama.

Wannan ya kawo mu ga yawan jama'a, inda nauyin maganarmu yake. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Dutsin-Ma mutum 169,671 a faɗin murabba'in kilomita 527, ta ba Kurfi mutum 117,105 a murabba'in kilomita 572. Wato kimanin mutum 322 a kowane murabba'in kilomita a nan, da kimanin 205 a Kurfi. Tun daga lokacin ba a sake ƙidaya ba, wadda aka shirya yi a 2023 ma an ɗage ta. Lissafi kuwa ya nuna cewa al'ummar da ke ƙaruwa da kashi 3 cikin ɗari a shekara takan ninka kanta cikin kimanin shekara 24. A ɗora a kan haka jami'ar da ba ta nan a lokacin ƙidayar, da kuma 'yan uwanmu na ƙauyukan yamma, wajen Safana da Ɗanmusa da Batsari, waɗanda 'yan bindiga suka raba da gonakinsu suka shigo gari neman mafaka. Babu ko ɗaya daga cikin yaran firamarenmu na yau da aka ƙirga a 2006, domin ba a haife su ba.

Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Kowannenmu ya san adadin da ke gabansa idan ya shiga aji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mai gyaran rufi ba zai sani ba sai an nuna masa. Azuzuwa da kujeru da ɗaukar sababbin malamai duk a kan alƙaluma ake raba su, kuma a halin da ake ciki babu wata ƙidaya da ake sabuntawa kowace safiya a wannan ƙasa tamu in ban da rajistar aji.

Don haka muna roƙon kanmu abu biyu. Na farko, mu riƙe rajista da amana. Kada mu ƙara suna don neman kaso, kada mu bar yaro ɗan gudun hijira a waje don ba shi da takardar canjin makaranta. Idan lokacin ƙidayar makarantu ta shekara ya zo, mu cike takardun da hannunmu, reshe kuma ya tattara kwafi, domin idan shugabanninmu sun zauna da hukumar ilimi su je da hujja a hannu. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Na biyu, mu shigar da garin nan cikin darasi. Malamin lissafi ya ba yara alƙaluman 2006 su fitar da cunkoson jama'a da kansu. Malamin labarin ƙasa ya sa su zana hanyar ruwa daga Karaɗuwa zuwa teku. Malamin Hausa ya tura su wurin kakanninsu su rubuto yadda unguwarsu ta samo suna, tun masu labarin suna raye. Inda tsaro bai ba da damar kai yara bakin madatsa ba, a gayyato masunci ko manomin rani ya zo aji ya yi musu bayani.

Yaron da ya san inda ruwan shansa yake fitowa, ya san shekarun da aka yi ana jiransa, shi ne gobe zai iya tambayar hukuma ina aka kwana. Allah Ya ba mu zaman lafiya a Dutsin-Ma da Kurfi da jiharmu baki ɗaya, Ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu, Ya sa albarka a allinmu.