Wutar Lantarki Daga Ruwa da Rana da Iska: Yadda Ake Tsara Aiki Har Ya Kai Gaci



Makasudin wannan jawabi shi ne a bayyana wa 'yan ƙasa yadda ake tsara manyan ayyukan samar da wutar lantarki daga ruwa da rana da iska, da dalilin da ya sa wani aiki yake kammaluwa wani kuma ya tsaya a hanya, da kuma abin da ya rataya a wuyan kowa game da su.

A shekarar 2021 Babban Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa mutum wajen miliyan 85 a Nijeriya ba su da wutar lantarki. Ma'anar wannan ita ce asibitin ƙauye da ake karɓar haihuwa da fitilar hannu, da tela da mai walda da mai niƙa waɗanda ribarsu take ƙarewa wajen sayen man janareta. A cikin wannan shekara kuma, a taron duniya kan sauyin yanayi da aka yi a Glasgow, Nijeriya ta yi alkawarin cewa kafin shekarar 2060 za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take iya kawarwa. A watan Agusta na 2022 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin da za a bi a cika alkawarin. Watau nauyi biyu ne a kan ƙasar: ta ƙara wuta, ta kuma rage hayaƙi. Ruwa da rana da iska suna biyan buƙatun nan duka biyu, domin ba sa ƙarewa, ba sa kuma hayaƙi.

Aunawa kafin gini

Matakin farko shi ne bincike. Kafin a datse kogi sai injiniyoyi sun san yawan ruwansa a damina da rani, shekara da shekaru. Madatsar Kainji, wadda aka fara ginawa a 1964 aka gama a 1968, misali ce mai kyau. Kogin Kwara yana kawo mata cikowa sau biyu a shekara. Ta farko ruwan daminar nan kusa ne, mai laka, wanda yake zuwa wajen watan Satumba. Ta biyu ruwan da ya sauka ne a duwatsun ƙasar Gini, ya ratso Mali da Nijar sannu a hankali, ya iso cikin hunturu ya riga ya tace. Sanin wannan ne ya tabbatar wa masu tsara aikin cewa tafkin zai samu ruwan juya injuna har cikin rani. A kan wannan kogi aka ƙara madatsar Jebba a 1985, sa'an nan aka gama ta Shiroro a kan Kogin Kaduna a 1990, mai ƙarfin megawat 600.

Haka abin yake ga rana da iska. Arewacin ƙasar ya fi samun hasken rana, amma ƙurar hunturu tana rufe fuskar faranti ta rage ƙarfinsa, saboda haka tilas a tanadi ruwa da ma'aikatan wankewa tun a cikin lissafi. Rana kuma tana faɗuwa daidai lokacin da gidaje suka fi buƙatar wuta, don haka sai an haɗa da batura ko wata tasha da za ta karɓi aikin da dare.

Ƙasa da mutanen da ke kanta

Mataki na biyu shi ne fili. Babu madatsar da ba ta cin gonaki. Lokacin da tafkin Kainji ya cika, ruwa ya haɗiye tsohon garin Bussa da ƙauyuka masu yawa har zuwa ƙasar Yawuri, aka tashi mutum fiye da 40,000 aka sāke musu matsuguni. Dokar da aka kafa a 1992 ta wajabta a binciki illar kowane babban aiki ga muhalli da jama'a kafin a fara shi. Haƙƙin mai gona ne a auna gonarsa a gabansa, a ƙidaya itatuwansa, a biya shi diyya kafin a taɓa ƙasar. Aikin da aka fara da cin haƙƙi, ko an gina shi, ba ya zama lafiya da maƙwabtansa.

Kuɗi da kwangila

A nan ne ayyuka da yawa suke yin tuntuɓe. Tashar gas tana cin kuɗin mai kullum, amma tashar ruwa ko ta rana kusan dukan kuɗinta a farko ake kashewa, sa'an nan a yi shekaru ana mayarwa. Mai ba da rance kuwa ba ya sakin kuɗinsa sai ya tabbata akwai mai sayen wutar, kuma zai biya.

A 2016 kamfanoni 14 suka sa hannu da kamfanin gwamnati mai sayen wuta a dunƙule, a kan za su gina tashoshin hasken rana masu ƙarfin fiye da megawat 1,000, yawancinsu a jihohin Arewa. Saɓani a kan farashi da kuma lamunin da gwamnati za ta tsaya musu ya hana masu rance sakin kuɗi, shekaru suka shuɗe filayen suna nan fayau. Aikin Mambila a Jihar Taraba, wanda aka tsara zai ba da megawat 3,050, an amince da kwangilarsa a 2017, amma rikicin wata tsohuwar kwangila ya kai maganar gaban kotun sasanci a birnin Paris, aikin ya tsaya. Tashar iska ta Lambar Rimi a Jihar Katsina, mai megawat 10 kacal, ta haura shekara goma ana fama da ita, kuma sace wani injiniya Bafaranshe da aka yi a can a 2012 ya ƙara mata jinkiri.

Madatsar Zungeru a Jihar Neja ta nuna ɗaya fuskar. An fara ta a 2013 da rancen bankin ƙasar Sin wanda ya ɗauki kashi 75 cikin 100 na kuɗin, gwamnati ta cika sauran. Ta yi jinkiri ita ma, amma da yake kuɗinta a ƙulle yake tun farko, an gama ta a 2023 da ƙarfin megawat 700. Darasin a bayyane yake: kwangila tsabtatacciya da kuɗi tabbatacce su ne harsashin gini, tun kafin a zuba siminti.

Hanyar da wuta take bi

Tasha ba ta da amfani in babu wayar da za ta ɗauki wutarta. A watan Oktoba na 2024 ɓarnar da aka yi wa babban layin Shiroro zuwa Kaduna, tare da lalacewar wani layin, ta jefa yawancin jihohin Arewa cikin duhu kwanaki da dama, alhali injunan madatsun suna da lafiya. Wannan ya ƙara nuna amfanin ƙananan tashoshi da ake kafawa kusa da masu buƙata. Hukumar Samar da Lantarki a Karkara ta buɗe tashar rana mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano a 2019, aka kuma buɗe wata mai megawat 10 a Kumbotso a Janairun 2023. Ƙauyen da ke nesa da babban layi yana iya samun tasa tashar, da farantai da batura da wayoyi na cikin gari. Tun daga 2023 kuma gyaran tsarin mulki da sabuwar Dokar Lantarki sun ba jihohi ikon tsara harkar wuta a cikin iyakokinsu.

Abin da ya rage ga jama'a

Ranar buɗe tasha ba ita ce ƙarshen aiki ba. Batura suna tsufa, injuna suna buƙatar gyara, kuma kuɗin wutar da jama'a suke biya shi ne yake riƙe su. Wanda ya ja waya ta bayan mita maƙwabcinsa ya cuta. Wanda ya ga ana kwance ƙarafan turken babban layi ya yi shiru, da shi za a kwana cikin duhu. Ana roƙon sarakuna da hakimai da dagatai da malamai su halarci tarukan da ake kira kafin fara aiki, su tambayi iyakar filin da za a ɗauka, da ranar biyan diyya, da farashin wuta, da wanda zai riƙa gyara, su kuma nemi a rubuta amsoshin. Matasa su nemi koyon haɗa farantai da gyaransu, domin sana'a ce mai ci.

Allah ya hore wa Nijeriya koguna da rana da iska. Saura tsari nagari, da riƙon amana, da haɗin kan jama'a. Allah ya taimaki Nijeriya, ya ba ta zaman lafiya da arziki mai amfani, amin.